Yadda Masana Ke Sa Furotin Ya Daskare Kamar Tsakin Gishiri

Hakimai da malamansu sun sha jin likita yana ambaton furotin, watau abin nan mai gina jiki da ake samu cikin nama da ƙwai da wake. To, furotin iri dubbai ne, kowanne da sifarsa, kuma sifar nan ce ke ba shi ikon yin aikinsa. Mai haɗa magani yana bukatar saninta, kamar yadda maƙeri ke duban kwaɗo kafin ya ƙera masa makulli.

Amma ƙwayar furotin ta yi ƙanƙanta ainun, madubin asibiti ba ya nuna ta. Saboda haka akan sa miliyoyin ƙwayoyi su jeru sahu-sahu, su daskare su zama ɗan tsaki mai kusurwoyi irin na gishiri, wanda Turawa ke kira kiristal. Sa'an nan a haska masa eksire, hasken nan na ɗaukar hoton ƙashi, ya watsu ya bar ɗigo-ɗigo, daga nan a lissafo sifar.

Wanda ya san yadda ake gishiri a Bilma ya san rabin maganar, gama ruwa ke ƙafewa gishiri ya fito. Sai dai furotin ba ya son gaggawa. In aka janye masa ruwa da sauri, sai ya cure kamar madarar da ta tsinke, aiki ya ɓaci. Ga dabarar da aka fi bi. Da fari a tace furotin sarai. A zuba ruwan gishiri mai ƙarfi cikin ɗan gurbi, sau da yawa gishirin amoniyam salfet, wanda manoma suka sani cikin takin zamani. A ɗiga ɗigo guda a kan ɗan gilashi, rabinsa ruwan furotin, rabinsa ruwan gurbin, sa'an nan a kife gilashin bisa gurbin, a liƙe bakin da maiƙo, ɗigon yana rataye. Da yake ruwan ƙasa ya fi gishiri, sai ya riƙa jan laimar ɗigon kaɗan-kaɗan, furotin yana ƙara kauri har ya soma jeruwa. Wani kwana biyu ya isa, wani sai an yi watanni, wani kuwa ba ya fitowa sam. Don haka akan gwada gauraye ɗaruruwa, a sāke gishiri, a sāke tsami, a ajiye waɗansu cikin sanyin digiri 4, waɗansu 20.

Akwai wata dabara mai ban dariya, amma tana ci. Akan shafi tsohon kiristal da gashin bakin kyanwa, a ja shi cikin sabon ɗigo, ɓarɓashin da ya ɗauko ya zama iri.

Lalle ne kada a bar kiristal ya bushe, domin kusan rabinsa ruwa ne. A 1934, a Kambirij ta Ingila, J. D. Bernal da Dorothy Crowfoot suka nuna haka, suka haska kiristal na fefsin, furotin mai narkar da abinci, yana cikin ruwansa, hoto ya fito sosai. Yau galibi akan daskarar da shi cikin tsananin sanyi kafin a haska.

Max Perutz ya fara aiki kan himogulobin, furotin mai ɗaukar iska cikin jini, a 1937, da jinin doki, bai ga sifarsa ba sai 1959. Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin himogulobin ne ke da aibi a jikin mai ciwon sikila, wanda ya yawaita a ƙasashenmu. Daga baya da aka sami kiristal na irin mai aibin, sai aka ga inda ƙwayoyinsa ke mannewa da juna su zama dogayen zaruruwa, waɗanda ke tanƙwara ƙwayar jini ta koma kamar lauje.