Ƙaryar da na'ura ke yi wa ɗan wasa

In mutum biyu suna dara a gindin itace, kowa na ganin hannun abokinsa nan take. Masu wasan kwamfuta ta intanet ba su samu wannan gata ba. Duk abin da ɗan wasa ya danna sai ya tafi wurin wata babbar na'ura da ake kira uwar garke, ta yanke hukunci, sa'an nan amsa ta komo. Gudun haske cikin zaren gilashi kuwa wajen kilomita 200.000 ne a daƙiƙa. Tsakanin Yamai da babban birnin Faransa akwai kilomita kusan 3.900, ko da an miƙa zaren sambal, zuwa da dawowa za su ci kashi 40 cikin dubu na daƙiƙa, balle da yake ta gaɓar teku yake zagayawa.

A shekara ta 1996 kamfanin id Software na Amurka ya fitar da wasan Quake. Masu shiga ta layin tarho suka yi ta kuka: mutum ya danna, amma gwarzonsa na tsaye yana jiran izini. A watan Disamba na shekarar John Carmack ya kawo magani cikin QuakeWorld. Na'urar ɗan wasa ta daina jira. Sai ta ƙaddara abin da uwar garke za ta ce, ta nuna shi nan da nan, in amsa ta saɓa ta gyara a asirce. Ƙarya ce, amma kusan kullum takan zama gaskiya.

Yau maƙeran wasanni ba su sake ƙera wannan aiki daga tushe. Akwai rumbunan umarni da wasu suka riga suka rubuta, sai a ɗauka a saka cikin wasan da ke hannun ɗan wasa. ENet, wanda manhajar Godot ke aiki da shi, yana aika saƙo ta hanyar UDP, wadda ba ta tsayawa jiran abin da ya ɓace. Maƙeri ne ke zaɓen saƙon da dole ya isa. Kamfanin Valve ya saki nasa, GameNetworkingSockets, a 2018. Mafi ƙarfin hali shi ne GGPO na Tony Cannon, wanda aka buɗe wa kowa a 2019 don wasannin dambe: yakan ɗauka abokin gāba na nan bisa abin da ya danna ƙarshe, in zato ya ƙi, ya mai da wasa baya, ya sake lissafi kafin hoto na gaba ya fito.

Sai dai wani ne ke biyan bashin. A wasannin harbi, uwar garke kan duba abin da mai harbi ya gani a lokacin da ya saki harsashi. Saboda haka ɗan wasa kan shige bayan bango, ya tabbata ya tsira, sa'an nan ya faɗi matacce, domin a allon wanda ke nesa bai riga ya kai bangon ba.