Fayil ɗin da ba a tambaya ranar sayen saba

A bakin iyakar Tsamiya, cikin ƙaramar hukumar Bagudo, inda hanya ke tsallakawa zuwa Segbana ta Jamhuriyar Benin, ciniki ya daina ƙarewa a tsakanin mai saye da mai sayarwa. Mai albasa ya ce a tura masa kuɗinsa ta waya. Ɗan canji sai ya leƙa wayarsa kafin ya yanke farashin sefa. Mai POS ya soka kati ya zuba wa allo ido, mai katin kuma ya zuba wa mai POS ido. Kowane ɗaya daga cikinsu saƙo ya aika wa wata na'ura da ke zaune cikin ɗakin sanyi a Legas ko Abuja ko Kwatano, wani lokacin ma a Turai, yana jiran ta amsa. Ita ce saba, kwamfutar da ba ta da allo a gabanta, ba ta barci, aikinta kawai amsa buƙatun dubban mutane a lokaci guda.

Aikin kwastam ya riga kasuwa shiga wannan hali. Tun 1981 hukumar UNCTAD ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara ƙera manhajar ASYCUDA, bisa roƙon ƙungiyar ECOWAS, wadda ke neman hanyar tattara alƙaluman cinikin ƙasashenta. A ƙasashen da ke amfani da Faransanci, irin su Benin da Nijar, SYDONIA ake kiranta. Najeriya ta yi amfani da ita, ta koma NICIS, sannan a Oktoban 2024 ta fara gwada B'Odogwu a Legas. Tsarin SIGMAT da ECOWAS ta ƙaddamar a 2019 kuwa manufarsa ita ce bayanin tirela ya riga ta isa iyaka ta gaba. Ke nan takardar da direba ke riƙe da ita inuwa ce kawai, ainihin bayanin yana cikin saba.

Idan aka ce "saba ta faɗi", yawanci laifin na layin sadarwa ne ko na wutar lantarki ko na manhajar banki. Amma ƙarƙashin duk waɗannan akwai wani sashe da ba a ganinsa, wanda in ya tsaya komai ya tsaya. Masana na kiransa kanel. Shi ne tsakiyar babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, kuma shi kaɗai ke magana kai-tsaye da ƙarfen na'urar. Aikinsa ya yi kama da na shugaban tasha: shi ke cewa motar wa za ta yi lodi yanzu, wa zai jira, wa aka ba wane fili, wa ya wuce lokacinsa a ja shi gefe. Motocin su ne manhajoji, filin shi ne memori, layin lodi kuma shi ne furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi.

Kanel ɗin da ya mamaye sabobin duniya shi ne Linux, wanda wani ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara rubutawa a 1991 don kwamfutarsa mai furosesa Intel 386. Yau rubutunsa ya haura layi miliyan 40. Tun Nuwamban 2017 duk manyan kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya da shi suke aiki, kuma shi ne a cikin kowace wayar Android da ke aljihun mutanen Kaoje da Illo da Lolo. Sai dai ba wannan tulin rubutu ake ɗorawa a na'ura ba. Dole a harhaɗa shi, a mayar da shi umarnin da furosesa ke fahimta, kuma furosesa iri-iri ne, kowane gida da harshensa. Xeon na Intel da EPYC na AMD suna jin x86-64. Graviton na Amazon, wanda ya fito a 2018, da Altra na kamfanin Ampere suna jin ARM64, dangin abin da ke cikin waya. IBM na da POWER da kuma manyan injinan da bankunan duniya ke ji da su. Kanel ɗin da aka harhaɗa wa ɗaya ba zai ko motsa a kan ɗayan ba.

Masu gyaran waya na kasuwanninmu sun san wannan ba tare da sun shiga aji ba. Yaro zai karɓi Tecno ko Itel da ta ƙi tashi, amma kafin ya yi mata filashin sai ya buɗe baya ya karanta lambar samfurinta, ya tabbatar ko MediaTek ce a ciki ko Unisoc. In ya yi gaggawa ya ɗora mata fayil ɗin wata 'yar'uwarta, ko dai ta mutu ɗungurungum, ko ta tashi allo fari fat, ko ta kunnu amma taɓawa ba ta aiki. Abin da ya faru shi ne an ba ta kanel ɗin da aka saita wa wani ƙarfe daban. Injiniyan saba da yaron nan matsala ɗaya suke fama da ita, bambancin shi ne yawan mutanen da kuskuren zai shafa.

Saitin kansa yana cikin wani fayil mai suna .config, rubutu ne zalla wanda ko a waya ana iya buɗewa. Tambayoyin da yake amsawa sun haura dubu 10, saboda haka ba wanda ke farawa daga fanko. Injiniya ya fara da gaya wa tsarin wane gidan furosesa yake nufi, misali ARCH=arm64, sannan ya buga make defconfig ya samu amsoshin da masu kula da wannan gida suka ga sun dace da yawancin na'urori. Daga nan ya buga make menuconfig, shuɗin allo ya bayyana da jerin zaɓuɓɓuka, ya shiga bi yana gyarawa. Ba lallai ne ma ya yi aikin a kan sabar ba, ana iya harhaɗa kanel ɗin ARM a kan laftof mai Intel in an sa mata kayan harhaɗawa na ARM.

Yawancin tambayoyin amsa uku ke gare su. Harafin y na nufin a gina abin cikin jikin kanel. Harafin m na nufin a ajiye shi gefe a matsayin guntu, a ɗauko shi in an buƙata. Harafin n kuma a bar shi. A nan ne sabon shiga ke cin tuntuɓen farko, kuma kusan kowa ya ci shi. Ya sa m a kan direban faifan ajiya, wato manhajar da kanel ke magana da faifan ta cikinta, ya manta bai saka guntun cikin ƙaramin ƙunshin da ke tashi tare da kanel ba. Na'ura ta kunnu, kanel ya nemi faifai, direban da zai buɗe faifan kuma yana cikin faifan. Sai ya rubuta cewa ya kasa hawa tushen fayiloli, ya tsaya cak. Harafi ɗaya ne, amma in sabar tana nesa, sai wani ya hau mota.

Akwai saitin da ke ƙayyade yawan kawunan furosesa da kanel zai lissafa, sunansa NR_CPUS. Shekara da shekaru adadin da ke zuwa da Linux na ARM64 shi ne 256, ba wanda ya damu, domin ba na'urar da ta haura haka. Sai Ampere ya fito da furosesa mai kai 192, aka jera biyu a saba ɗaya, suka zama 384. Kanel mai tsohon saiti zai ƙirga 256 ya yi biris da sauran 128, alhali an biya kuɗinsu kuma suna cikin akwatin. A 2024 aka ɗaga adadin zuwa 512. Irin wannan sabar mai furosesa biyu tana kuma buƙatar saitin NUMA, domin kowane furosesa na da memorin da ke kusa da shi, kanel ɗin da bai san da haka ba zai riƙa ajiye aiki a nan bayanansa a can, na'ura ta yi ta jan ƙafa ba a san dalili ba.

Girman shafi ya fi waɗannan daɗin tattaunawa a ganina, don babu amsar da ta dace da kowa. Kanel na raba memori gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ita ce shafi. A x86 gunduwar yau da kullum kilobayit 4 ce. A ARM64 kuwa an ba da zaɓi, 4 ko 16 ko 64, kuma tun wajen harhaɗawa ake yankewa. Ɗauki saba mai gigabayit 64. Da shafin kilobayit 4, kanel zai riƙa lura da shafuka sama da miliyan 16. Da na 64, miliyan ɗaya da 'yan kai ne kawai. Rumbun bayanai mai girma, irin wanda ke riƙe da rajistar kaya ko asusun banki, yakan fi sauri da manyan shafuka. Amma in aikin sabar tarin ƙananan fayiloli ne, kowane ɗan fayil zai mamaye shafi guda, memori ya yi ta zurarewa a banza. Ko kamfanin Red Hat ya sauya ra'ayi a kan haka: fitowarsa ta 8 ta ARM da 64 ta zo, ta 9 ta koma 4, daga baya aka ƙara kanel na dabam mai 64 ga masu so.

Haka batun agogon ciki. Kanel na iya leƙa layi sau 100 ko 250 ko 1000 a daƙiƙa. Mai kallon bidiyo yana son a yawaita leƙawa don komai ya amsa nan take, saba kuwa ta fi son a bar kowane aiki ya yi nisa kafin a katse shi.

Waɗannan duk kowace ƙasa na fama da su. Namu na dabam shi ne zafi da wuta da nisa. A watan Afrilu zafin Kebbi kan haura digiri 40, kuma ko a ɗakin sanyi, ranar da janareto ya yi gardama za a gane ko an kunna saitin da ke rage gudun furosesa in ya ɗau zafi. Akwai EDAC, mai kai rahoto in memori ya fara kuskure tun kafin ya ɓata bayanai. Akwai tsarin ajiya irin ext4 da XFS masu rubuta abin da za su yi kafin su yi shi, ta yadda in wuta ta ɗauke tsakar aiki za a san inda aka tsaya. Akwai kuma mai gadi, wani ɗan agogo da ke jiran kanel ya taɓa shi a kai a kai, in ya ji shiru ya sake kunna na'urar da kansa. Ga ƙaramar sabar da aka ajiye a ofishin kan iyaka ko gindin turken sadarwa, wadda mai gyaranta ke Birnin Kebbi ko Sakkwato, wannan layi ɗaya na iya zama bambancin tsaikon minti biyar da na kwana biyu.

Ta fuskar tsaro, duk direban da aka bari a kanel ba a amfani da shi ƙofa ce da aka bari ba tsaro, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ranar 19 ga Yulin 2024 duniya ta ga abin da kuskure a wannan mataki ke jawowa, lokacin da sabuntawar kamfanin CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka koma biro da takarda. Manhajar a cikin kanel take aiki, shi ya sa faɗuwarta ta tafi da komai.

Labarin da nake so masu sa hannu a takardun kwangila su sani shi ne na wani furosesa mai suna Itanium. Intel da HP suka haɗa kai suka ƙera shi, ya fito a 2001, ana ta shelar cewa shi ne makomar sabobi. A 2003 AMD ya fito da Opteron, wanda ya faɗaɗa tsohon harshen x86 ba tare da ya yar da tsofaffin manhajoji ba, kasuwa ta bi shi, Intel da kansa ya bi sahu. A ƙarshen 2009 Red Hat ya juya wa Itanium baya, a 2010 Microsoft ya bi sahu, a 2011 Oracle ya ce shi ma ya daina, har HP ya maka shi kotu. An yi jigilar na ƙarshe a Yulin 2021. A Janairun 2024, da fitowar Linux 6.7, aka share sashensa gaba ɗaya daga kanel, saboda masu kula da shi sun watse. Injinan ba su lalace ba, wasu na nan suna aiki. Abin da suka rasa shi ne sabon kanel, kuma duk hukumar da ta zuba kuɗinta a kansu ta wayi gari da ƙarfe mai lafiya wanda hanyar sabunta shi ke ƙara tsukewa kowace shekara.

Ban ce kowace ma'aikata ta zauna ta harhaɗa nata kanel ba. Ga mafi yawansu ganganci ne. Wanda Debian ko Ubuntu ko Red Hat suka fitar dubban mutane sun gwada shi, kuma gyaran tsaro na zuwa a kan kari, alhali wanda ka haɗa da hannunka kai za ka yi ta rainonsa har ranar da aka yi maka canjin wurin aiki. Abin da na ce shi ne, a takardun sayen kayanmu ana rubuta girman faifai da yawan memori da shekarun garanti, ba a cika tambayar wane kanel ne a ciki ba, wa ya saita shi, har yaushe za a ci gaba da gyara shi. Tun 2023 masu kula da Linux suka rage alƙawarin tallafin fitowar dogon zango daga shekara shida zuwa biyu, saboda haka tambayar ta ƙara nauyi. Kuma doka na bayan mai saye: lasisin GPL da Linux ke ƙarƙashinsa ya wajabta wa duk wanda ya ba ka na'ura mai wannan kanel ya ba ka rubutun asali da abin da aka harhaɗa shi da shi in ka nema.

Koyon karanta fayil ɗin .config ba ya buƙatar saba. A kusan kowace kwamfuta mai Debian ko Ubuntu yana nan cikin jakar boot, sunansa ya fara da config. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, ko jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, ko Kwalejin Waziri Umaru, yana iya sauke rubutun Linux kyauta, ya harhaɗa shi don ARM64 a tsohuwar laftof, ya tayar da shi cikin QEMU, manhajar da ke kwaikwayon furosesan da ba ka da shi. Zai ci sa'o'i, wataƙila batir ya mutu kafin a gama. In ya tashi, ya koma ya cire direban faifai da gangan ya ga yadda na'urar za ta tsaya, sannan ya gyara.