Kafin Mu Ce Wa Mace "Feminis", Mu Fara Jin Me Take Nema

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da iyalansa da sahabbansa.

'Yan uwa, da zarar watan Maris ya ƙarato, telolin Briketeri ba sa samun barci saboda ɗinkin atamfar 8 ga Maris, wadda mata ke sawa su yi fareti a Bulbar 20 ga Mayu. A daidai lokacin ne kuma kalmar "feminis" ke yawo a majalisunmu da wayoyinmu. Yarinya ta ce tana so ta ƙarasa karatu kafin aure, sai a ce ta zama feminis. Bazawara ta tambayi kasonta a gidan da mahaifinta ya bari, sai 'yan uwanta maza su ce Turawa sun hure mata kunne. Saboda haka muka ga ya dace mu warware wasu ruɗani game da wannan kalma, don kada mu riƙa danne haƙƙin Allah da sunan kare addinin Allah.

Ruɗani na farko shi ne ɗaukar feminisanci a matsayin abu guda. A asali, sunan fafutukar da matan Turai da Amurka suka yi ne don neman abubuwan da dokokin ƙasashensu suka hana su. A Ingila sai a 1882 matar aure ta samu cikakken ikon mallakar dukiyarta. A Faransa sai a 1944 mata suka samu damar jefa ƙuri'a, kuma sai a 1965 matar aure ta iya buɗe asusun banki ba da sa hannun mijinta ba. Daga baya tafiyar ta rarrabu. Akwai masu neman ilimi da albashi daidai da aiki, akwai masu yaƙi da duka da fyaɗe, akwai kuma masu ra'ayoyin da suka saɓa wa shari'a a fili kan aure da iyali. Wanda ya yi musu kuɗin goro bai yi adalci ba, alhali Allah Ya hane mu a aya ta 8 ta Suratul Ma'ida kada ƙin wasu mutane ya sa mu bar adalci.

Na biyu, wai duk macen da ta nemi haƙƙinta kwaikwayon Turawa take yi. To, Khansa'u 'yar Khidam fa? Bukhari ya ruwaito cewa mahaifinta ya aurar da ita ba da sonta ba, ta kai ƙara wurin Manzon Allah (SAW), ya warware auren. Matar Sabitu ɗan Ƙaisu ta nemi rabuwa, ta mayar da gonar sadakinta, aka yi khul'i. Matan Madina da kansu suka roƙi a ware musu ranar karatu, aka ware. Suratun Nisa'i ta ce a ba mata sadakinsu a aya ta 4, ta yanka musu rabo a gado a aya ta 7. A ƙasar Hausa ma, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kakkausar suka ga malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis ke shiga ƙauyuka suna karantar da mata. Ai babu wanda ya aiko ta daga Faris.

Na uku, wai masu maganar haƙƙin mata maƙiya aure ne, maƙiya maza. Mu duba gida. Ƙungiyar FOMWAN da matan Musulmi suka kafa a Najeriya a 1985 makarantu da asibitoci ta sa a gaba. Aissa Doumara, wadda ta karɓi lambar yabo ta Simone Veil a 2019, aikinta a Marwa shi ne taimakon 'yan matan da aka yi wa auren dole da waɗanda rikicin Boko Haram ya ɗaiɗaita. Djaïli Amadou Amal, ita ma 'yar Marwa, ta samu lambar Goncourt ta 'yan makaranta a 2020 da littafinta kan yadda ake cusa wa mata "munyal", wato haƙuri, ko da ana cutar da su. Muna iya saɓa musu a wata magana, amma ciwon da suka nuna yana nan a gidajenmu, kowa ya sani.

Akwai kuma ruɗani daga ɗaya ɓangaren. Wasu a ofisoshi da jami'o'in Yawunde, da sun ga mace da hijabi sai su ɗauka an danne ta, ba ta da bakin magana. Wannan ma zalunci ne. Wasu kuma na cewa a daidaita gado ko a soke shugabancin miji a gida. Nan kam ba ma tare, domin nassi ne. Sai dai mu tuna shari'ar da ta ba ɗa namiji kaso biyu ita ce ta ɗora masa sadaki da ciyarwa da tufatarwa da muhalli. Wanda ya karɓi kaso biyu ya bar ƙanwarsa tana rokon kuɗin haya, shi ne ke ba masu suka abin faɗa.

Mu kuma sani, dokar hukunta laifuka ta Kamaru ta 2016 ta tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 ga wanda ya tilasta wa wani aure. Abin kunya ne a ce tsoron kotu zai hana mu abin da Annabi (SAW) ya riga ya hana.

Don haka, iyaye da malamai, idan mace ta zo da koke, mu ajiye laƙabi, mu ɗora maganarta a kan ma'aunin Alƙur'ani da Sunna. In shari'a ta ba ta, a miƙa mata ba tare da gori ba. In shari'a ta hana, a yi mata bayani da hujja da tausasawa. Gadon da aka riƙe shekara da shekaru a raba shi, yarinyar da aka cire daga makaranta a mayar da ita, kuma kada waliyyi ya zauna gaban liman sai ya ji amincewar 'yarsa.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya shirya mana zuri'armu maza da mata. Amin.