Kwana biyar ana neman ramewa, kwana biyu ana ramuwa

A zangon karatun da ya wuce, ƙawata da muke ɗaki ɗaya a makaranta ta ɗaura ɗamarar rage ƙiba. Ba don gayu ba ne: an auna ta a asibiti an ce jininta ya fara hawa, ga shi mahaifiyarta na fama da ciwon sukari. Daga Litinin zuwa Juma'a, wallahi sai ta ba ka tausayi. Shayi ba sukari da safe, da rana kabeji da dafaffen ƙwai, da daddare kuwa sau da yawa haka take kwana. Bayan wata biyu ta hau sikeli, ko rabin kilo bai ragu ba. Ranar har kuka ta yi, tana cewa ita dai jikinta ne ba ya jin magana.

Da muka zauna muka bi kwanakin ɗaya bayan ɗaya, sai muka gano inda gizo ke saƙar. Duk Juma'a da yamma gida take tafiya, a Kano kuwa da wuya mako ya wuce babu biki. Juma'a kamu, Asabar dina, Lahadi yini. Ko'ina a miƙo mata soyayyiyar shinkafa da kaza da lemo, ta taho da cincin da dubulan a leda. Da safe ga wainar Hajiya da miyar taushe, wa zai ce a'a? Ita a lissafinta kwana biyun nan hutu ne, tun da ta sha wuya kwana biyar.

Matsalar ita ce jiki bai san Asabar ba, bai san Lahadi ba. Abin da ya shiga a mako gaba ɗaya yake lissafawa. A ce mutum ya rage kalori 500 kullum daga abin da jikinsa ke ƙonawa, a kwana biyar ya tara 2,500. Idan ya ƙara 1,250 ranar Asabar, ya sake ƙara irinsa ranar Lahadi, shi ke nan, an koma gidan jiya. Kuma 1,250 ɗin nan ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Babban cokali ɗaya na man gyada kaɗai ya kai kalori 120, domin kowane giram na mai yana ba da kalori 9, na sitacin da ke cikin shinkafa da dangoginta kuwa 4. Sai ku tuna yadda mai tsire ke tsiyaya mai a takarda, ko yadda waina ke iyo a tanda.

Ba mu kaɗai ke da wannan hali ba. A 2008 masu bincike a Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka sun wallafa sakamakon bibiyar mutum 48 da suka yi na tsawon shekara guda. Waɗanda aka sa su rage cin abinci nauyinsu na sauka a ranakun aiki, amma da ƙarshen mako ya zo sai saukar ta tsaya. Waɗanda aka sa su motsa jiki kuwa har ƙaruwa suke yi a kwanakin, saboda sun fi ci. Gaskiya dattawa ne 'yan shekara 50 zuwa 60, ba sa'anninmu ba, amma ni dai da na karanta sai na ga kamar labarin ɗakinmu ake bayarwa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne lemo, don shi ba ma sa shi a lissafin abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na abin da mutum ke ci a rana, wato kimanin giram 50 ga babba, wajen ƙaramin cokali 12. Robar Coca-Cola mai santilita 50 ita kaɗai ta cinye wannan kason. A wurin biki kuwa mutum ya sha biyu ko uku bai ma lura ba, kuma ba ya ƙosar da shi, abincinsa zai ci daidai yadda ya saba. Kada kuma a ce zoɓo ko fura da nono sun tsira, ya danganta da hannun mai zuba sukarin.

Samari ma kada su yi mana dariya. A kalli ƙwallo a gidan kallo har dare, a biya wurin mai shayi a ci Indomie biyu da ƙwai uku da shayi mai kauri, a kwana ana latsa waya. Rashin isasshen barci kansa yana tayar da yunwa, washegari sai ka ji maiƙo da zaƙi kawai kake nema.

A ganina babban kuskuren ƙawata ba a ranar Asabar yake ba, tun Litinin ya faro. Wanda ya horar da cikinsa da yunwa kwana biyar, ranar da ya ga abinci ba zai iya riƙe kansa ba. Sannan ranar Litinin ta hau sikeli ta ga ƙarin kilo ɗaya ko biyu, hankalinta ya tashi, ta ƙara matse ciki. Alhali yawancin wannan ƙarin ruwa ne da gishiri da shinkafa suka sa jiki ya riƙe, yana sauka cikin 'yan kwanaki. Kafin a tara kilo ɗaya na kitse sai an ci rarar kalori wajen 7,700.

Akwai kuma abin da lissafi ba ya warwarewa. A gidajenmu ƙin cin abinci kamar raini ne. Ka je gidan gwaggo ka ce ka ƙoshi, sai ta ce, "Au, abincin namu ne ba kya ci yanzu?" Wata ma ta ce ramar me kike nema, ai jikin ne ya karɓe ki. Shi ya sa shawarar a daina zuwa biki ko a tafi da kular kabeji ba ta aiki a nan.

Abin da ƙawata ta koma yi mai sauƙi ne. A ranakun makaranta ta dawo cin abinci sau uku, wake da shinkafa, ɗanwake, tuwo daidai cikinta. Kafin ta fita biki takan ci wani abu a gida don kada ta isa da yunwa. A cikin shagulgula ukun, ɗaya take zaɓa ta ci son ranta, sauran ta ɗan taɓa ta kawo wa ƙannenta. Lemo ta mayar da shi ɗaya a mako, Asabar da safe kuma ta taka da ƙafa na minti 40 kafin rana ta yi zafi. Sikeli sai Juma'a da safe kawai take hawa.

Ba ta zama siririya ba, kuma wainar Hajiya tana nan daram ranar Lahadi, sai dai huɗu take ci maimakon takwas. A wata uku kilo uku ta sauke. Makon jiya ta koma awon jini, ta dawo ɗaki tana murmushi, ta ce ma'aikaciyar jinyar ta ce ta ci gaba da abin da take yi, ta dawo bayan wata ɗaya.