Yaya Ake Gane Jan-baki Daga Sauran Tsuntsaye?

Wani mai sauraronmu, manomin shinkafa daga yankin Haɗeja, ya aiko mana da takarda yana cewa bara tsuntsaye sun yi masa ɓarna. Yana tambaya, ta yaya zai gane jan-baki tun kafin ya sauka a gona, tunda ƙananan tsuntsaye duk kamarsu ɗaya?

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Ba duk tsuntsun da ka gani a gona ne ɓarawo ba, saboda haka abu huɗu za ka lura da su: baki, yawa, kuka, da lokaci.

Na farko, baki. Jan-baki ɗan ƙarami ne, tsawonsa kamar santimita 12, nauyinsa wajen giram 20. Bayansa ruwan ƙasa ne mai zane-zane, bakinsa gajere, kakkaura, ja wur. Da damina, lokacin ƙwai, fuskar yawancin mazan takan yi baƙi, bakin matan kuma ya koma rawaya. Kada wannan ya ruɗe ka, su ne dai.

Na biyu, yawa. Jan-baki ba ya tafiya ɗaiɗai. In ka hango wani abu can nesa kamar hayaƙi yana lanƙwasa, ya yi sama ya yi ƙasa, to ba hayaƙi ba ne. In sun sauka cin abinci, na baya sukan tashi su tsallake na gaba, sai ka ga garken kamar yana mirginawa.

Na uku, kuka. Kurciya kukanta a sanyaye yake, fakara kuwa da asuba take ɓarkewa da nata mai kaushi. Shi jan-baki ba ka jin muryar guda, sai hayaniyar dubbai a haɗe, ga ƙarar fukafukai kamar iskar hadari.

Na huɗu, lokaci. Da sassafe da la'asar yake ci. Da tsakar rana yana hutawa kusa da ruwa, da magariba ya nufi makwanci, cikin kacalla ko itatuwa masu ƙaya.

Akwai biyu da ake yawan ɗauka shi ne. Marai, mai rataya sheƙa a itatuwan gari, ya fi shi girma, jikinsa rawaya, bakinsa baƙi. Yana taɓa hatsi, amma ɓarnarsa ba ta kai ba. Sai ɗan jan tsuntsun nan mai tsintar tsaki a tsakar gida. Shi ma bakinsa ja-ja ne, amma bibbiyu suke yawo, ba ruwansa da gonarka. Shamuwa da balbela kuwa fara da ƙwari suke cinye maka, mujiya tana kama ɓera. Waɗannan 'yan aikinka ne da ba ka biya, kada yara su harbe su.

Me ya sa ganewar take da muhimmanci? Jan-baki ɗaya yakan ci kamar giram 10 na ƙwaya a rana. Yi lissafi: guda 100,000 za su cinye kilo 1,000, wato buhu 10 manya, a wuni guda. Gero, dawa, shinkafa da alkama yake so, musamman lokacin da ƙwaya take da madara. Masara ta fi ƙarfin bakinsa.

Shawararmu ita ce, kai da maƙwabtanka ku bi inda garken ke nufa da magariba, ku gano makwancin, ku sanar da mai unguwa da malamin gona ba tare da ɓata lokaci ba. In an yi feshi kuma, don Allah kada kowa ya tsinci matattun ya ci ko ya kai kasuwa, guba ce a jikinsu.

Da fatan mun gamsar da kai. Allah Ya ba da damina mai albarka, amin.