Kafin ka sayi tsohon gilashin kyamara, karanta rubutun da ke bakinsa

Masu ɗaukar bidiyon biki da na waƙa sun fara komawa ga tsofaffin gilasan kyamara, saboda araha da kuma laushin hoton da suke bayarwa. Wasu ma ƴan uwansu mazauna Turai ne ke tsinto musu a kasuwannin gwanjo. Matsalar ita ce sau da yawa mai sayarwa bai san abin da ke hannunsa ba. Amsar tana rubuce a zoben da ya kewaye bakin gilashin.

Ɗauki Helios-44-2, wanda Tarayyar Sobiyet ta ƙera miliyoyi, ta kwaikwayi Biotar na kamfanin Carl Zeiss. Za ka ga an rubuta 2/58. Lamba 58 tsawon hangensa ce a milimita, 2 kuwa iyakar buɗewarsa. Duk lokacin da wannan lambar ta ƙanƙanta, hasken da gilashin ke sha ya ƙaru, abin da mai ɗaukar biki da dare ke nema ke nan. A yawancinsu, lambobi biyu na farkon lambar ƙira shekara ce: 78 na nufin 1978. Kada ka ɗora wannan lissafi kan na Japan. Ɗan tambarin da ke gefe kuma na masana'anta ne, ko KMZ ta Krasnogorsk kusa da Mosko, ko ta Valdai, ko ta Minsk, kuma masu tara irin kayan sun fi ɗaukaka na KMZ. Idan ka ga MC a kan na baya-baya, an yi wa gilashin shafe mai hawa-hawa don rage ƙyallin rana.

Akwai wanda ake rainawa a banza: mai rubutun "aus Jena". Bayan yaƙin duniya na biyu Zeiss ya rabe biyu, na Jena a Jamus ta Gabas da na Oberkochen a Yamma, suka yi ta shari'a kan suna. Na Gabas da aka kai ƙasashen Yamma sai aka cire musu sunan Zeiss. Kayan na asali ne.

Daga nan sai ka juya gindinsa, don nan ne kuɗi ke salwanta. Helios-44-2 murɗawa ake yi, zarensa M42. Da adafta mai araha yana hawa kyamarorin Sony marasa madubi lafiya lau. A kan Nikon mai madubi kuwa, abin da ke nesa ba zai fito tas ba, sai da adafta mai nasa gilashi a ciki.