Bin Sawun Matattun Koguna a Ƙarƙashin Ƙasa

Sau da yawa akan haƙa rijiyoyin burtsatse biyu a unguwa guda, ɗaya ta yi ta ambaliya, ɗayar kuwa ko bokiti goma ba ta cikawa a wuni. Mene ne dalili? Amsar tana binne tare da kogunan da suka ƙafe dubban shekaru da suka wuce.

Kogi ba ya zube kayansa barkatai. A tsakiyarsa, inda ruwa ke gudu da ƙarfi, yakan bar tsakuwa da yashi mai gautsi. A fadamun gefensa kuwa, inda ruwa ke kwantawa bayan ambaliya, laka da yumɓu ne ke taruwa. Idan kogin ya sauya hanya, sai sabuwar ƙasa ta rufe tsohuwar hanyar, ta zama wani zirin yashi mai lanƙwasa a cikin yumɓu. Dallol Bosso na ƙasar Nijar misali ne na irin wannan mataccen kogi da ido ke iya gani. A yankin Tafkin Cadi, a Borno, yashi da yumɓun da koguna da tafki suka tara sun samar da makwancin ruwa hawa uku.

A shekarar 1856, wani injiniya Bafaranshe, Henry Darcy, ya yi gwaji da bututu cike da yashi a birnin Dijon. Ya gano cewa yawan ruwan da ke ratsa ƙasa ya dogara ne ga gangarar da ke tura shi da kuma sauƙin ratsuwar ƙasar. Tsakuwa na iya fin yumɓu sauƙin ratsuwa fiye da sau miliyan guda. Ke nan wanda ya san inda zirin yashi ya bi, ya san hanyar ruwa.

Matsalar ita ce haƙa burtsatse na da tsada, kuma kowace ɗaya tana nuna abin da ke ƙarƙashinta ne kawai. Tsakanin rijiyoyi biyu kuwa duhu ne. A 1951, Danie Krige na Afirka ta Kudu ya fito da hanyar lissafi don kimanta zinariya daga samfura kaɗan, daga bisani Georges Matheron na Faransa ya inganta ta a shekarun 1960. Tushenta shi ne wurare na kusa sun fi kama da juna fiye da na nesa. Sai dai wannan hanya takan shafe lanƙwasar kogi.

Don haka masana suka koma koya wa kwamfuta siffar koguna: faɗinsu, kaurin yashinsu da yadda suke karkata, ta nazarin kogunan yau da gaɓoɓin da zaizaya ta tone. Kwamfuta sai ta zana ɗaruruwan taswirori mabambanta, kowacce ta dace da abin da aka samu a rijiyoyin da aka riga aka haƙa. A kan kowacce a yi lissafin Darcy. Inda mafi yawansu suka nuna yashi, nan ya fi cancantar haƙa. Inda suka saɓa, nan ake bukatar ƙarin gwaji.

Wannan ilimi yana rage asarar kuɗin al'umma, yana kuma nuna hanyar da ƙazantar masai za ta bi ta gurɓata rijiya. Ɗalibai na iya gwadawa: ku cika gwangwanaye biyu masu huji, ɗaya da yashi, ɗaya da yumɓu, ku zuba ruwa daidai, ku auna lokaci.